Yadda Ake Kashe Tsutsar Masara Kafin Ta Cinye Gona: Jagora Ga Manoman Kebbi

Tun da damina ta kankama tambaya ɗaya ake ta jefo mini, daga Zuru, daga Yauri, daga Bagudo, har da masu masarar rani a fadamar Argungu: wane magani ne ke kashe tsutsar masara? Wasu hoton kwalba suke turowa, wai in duba ko ita ce mai kyau. Abin da na lura shi ne, yawancin waɗanda suka yi feshi tsutsa ta ƙi mutuwa, ko dai sun makara ta riga ta girma, ko kuma ruwan maganin bai kai inda take kwance ba. Don haka zan jero aikin bi da bi, yadda nake yin sa. Sayen magani sai a mataki na shida, kuma da gangan na ajiye shi can.

1. Ka tabbatar ita ce

Tsutsar nan ɗiyar wani malam-buɗe-littafi ce mai launin toka da ke yawo da dare, irin waɗanda ke faɗa wa fitila. Daga nahiyar Amurka ta zo, a farkon 2016 aka fara ganinta a Najeriya. Uwar tana zuba ƙwai curi-curi a jikin ganye, 100 zuwa 200 a curi guda, ta lulluɓe su da wani gashi mai kama da dattin auduga. A zafi irin namu kwana 2 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi kamar mako biyu tana ci, sai ta sauka ta shige ƙasa ta dunƙule, ja-ja kamar ƙwallon dabino, bayan kwana 8 zuwa 10 ta fito da fiffike ta koma zuba ƙwai. Duk zagayen wata ɗaya ne. Ke nan masarar da za ta yi kwana 90 ko 100 a gona tana iya ganin uwa da ɗiya da jika.

Ɗauko babba ɗaya ka ɗora a tafin hannu. A goshinta akwai zane fari-fari mai kama da harafin Y a kife. Kusa da gindinta akwai ɗigo baƙaƙe guda 4 da suka zauna murabba'i. In ka ga waɗannan biyun, ita ce. Kashinta kuma kamar garin katako yake, ka gan shi tare a tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa. Wannan tsakiyar, mai kama da mazurari, ita ce gidanta, kuma nan ne duk aikinmu zai ƙare.

Hattara: kada ka haɗa ta da tsutsar kara. Ita waccan huda kara take yi ta shige ciki, sai ka ga tsakiyar masara ko dawa ta bushe ganyen gefe na nan kore. In ta riga ta shiga kara, feshi ba ya iske ta.

2. Zagayen gona da ƙirga

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ba ya cin ko sisi. Daga kwana 7 bayan tsiro, ka shiga gona sau biyu a mako, da sassafe ko da la'asar sakaliya. Kada ka tsaya bakin hanya kana leƙe. Bar kunya 4 ko 5 na gefe, ka ratsa gonar a karkace kamar harafin W, ka tsaya wuri 5. A kowane wuri ka duba masara 10 a jere: ka juya ganye ka nemi ƙwai, ka buɗa mazurari ka leƙa. Jimla masara 50 ke nan.

Abin da kake nema tun farko ba manyan huji ba ne. Ƙananan tsutsotsi kankare bayan ganye suke yi, su bar wata fata fara da haske ke ratsawa, kamar an goge ganyen da farce. Wannan alamar tana gaya maka cewa har yanzu jarirai ne, kuma a nan ne kowane magani ke cin su. Ganyen da ya yi kaca-kaca kamar akuya ta bi ta kansa, tsutsar da ta yi shi ta kwana biyu.

Ka ƙirga waɗanda ke da sabuwar ɓarna ko tsutsa mai rai. Tsohuwar ɓarnar da kashinta ya bushe ba a lissafa ta. In masara ba ta wuce gwiwa ba, 10 cikin 50 sun isa a tashi tsaye. In ta kai ƙugu zuwa ƙirji, ana iya haƙuri har sai an ga 20 cikin 50, saboda masarar da ta samu taki da ruwa tana maye ganyen da aka ci. Na sha ganin gonar da mai ita ya fidda rai da ita a mako na huɗu, ta zo ta yi goyo lafiya lau. Ka riƙa rubuta ƙirgar a takarda da kwanan wata. Ido yana ruɗi, musamman idon mai gona.

Ka ƙara sa ido in ruwa ya ɗauke na kwanaki. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ƙananan tsutsotsi ya nutsar da wasu a mazurari, amma da an samu fari na mako guda sai su yi ta hayayyafa.

Akwai tarkon da ake ratayewa mai ƙamshin macen, yana jawo mazan su faɗa. Amfaninsa shi ne ya sanar da kai ranar da suka iso unguwarku. Ba ya share gona, kuma abin ƙamshin yana son sauyi kusan duk wata.

3. Hannu, toka da yashi

In gonar ba ta kai kadada ba, ko masarar bayan gida ce, ka fara da hannu. Duk curin ƙwan da ka murƙushe, tsutsa ɗari ko fiye ka kashe da yatsa biyu. Manyan kuma ka zaro su ka zuba a gwangwani ka kai wa kaji. Ba za ka tarar da su da yawa a masara ɗaya ba, domin in sun girma cin junansu suke yi, ɗaya ko biyu ke saura.

Bayan haka ka haɗa tokar murhu da aka tankaɗe da yashi mai laushi, ka riƙa ɗiba da yatsu uku kana zubawa cikin mazurari. Yana goge mata fata ya busar da ita.

Hattara: toka zalla, in ta yi yawa a ƙaramar masara, tana ƙona ganye. Kada kuma ka biye wa masu zuba garin sabulun wanki ko takin yuriya a mazurari. Tsutsa na iya mutuwa, amma sau da yawa tare da masarar suke tafiya.

4. Ruwan dogon yaro

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, ba ya wahalar samu a Kebbi, kowane gari yana da shi a bakin titi. Ƙarfinsa a cikin ƙwayar 'ya'yan yake; ganye yana yi, amma bai kai rabinta ba a wurina. Ka tara 'ya'yan lokacin da suke zuba, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka fasa ka fitar da ƙwayar. Wadda ta yi fumfuna ka zubar.

A daka ƙwayar ta yi laushi. Giram 50 ake sa wa lita 1 ta ruwa, wato giram 800 ga famfon feshi mai lita 16. A jiƙa da yamma ta kwana, da safe a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu, in ba haka ba za ka wuni kana gyaran bakin famfo. A narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye. A fesa a ranar, da yamma, domin rana tana kashe ƙarfinsa.

Kada ka dawo washegari kana neman gawa. Dogon yaro hana ta ci yake yi, ya hana ta saɓa, ta rame ta mutu a hankali. Ana maimaitawa duk kwana 5 zuwa 7, kuma ƙananan yake iyawa. Kuɗinsa wahalar daka ce kawai, amma fa ga mai kadada biyar wahalar ba ƙarama ba ce.

Akwai kuma magani na kwalba da aka yi da wata ƙwayar halitta, za ka ga an rubuta Bt ko Bacillus thuringiensis a jikinsa. Sai tsutsa ta ci ganyen da aka fesa yake aiki: ta daina ci cikin sa'o'i, ta mutu cikin kwana 2 zuwa 3. Ba ya taɓa ƙudan zuma, ba ya cutar da mai feshi. Ba kowane shago ke da shi ba, sai an tambaya a manyan shagunan Birnin Kebbi ko a bi ta hannun malamin gona na KARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kebbi.

5. Kada ka kashe masu taya ka

Ka taɓa buɗe mazurari ka ga cinnaku sun yanyame tsutsa suna ja? Ka taɓa ganin zanzaro ya ɗauki tsutsa ya nufi gininsa? Su da rina da gizo-gizo da tsuntsaye duk ma'aikatanka ne da ba ka biya. Akwai ma wasu ƙananan zanzaro da ido ba ya cika gani, masu zuba ƙwansu a cikin ƙwan malam-buɗe-littafin. Curin da suka shiga baƙi yake komawa. Sai dai ƙwan tsutsar ma yakan yi duhu gab da ƙyanƙyashewa, don haka baƙi kaɗai ba tabbaci ba ne. Wasu manoma ruwan sukari suke yayyafawa a masara don ya kira tururuwa.

Gonar da aka haɗa masara da wake ko gyaɗa ta fi tara waɗannan fiye da masara zalla. Gonar da ake yi wa feshin ƙwari duk mako tun tana tsiro kuwa, su ake fara gamawa da su, ita tsutsar tana can ƙasan mazurari a ɓoye.

6. Sayen magani

In ƙirga ta kai, kuma matakan baya ba su tare ta ba, ko gonar ta fi ƙarfin hannu, to a je shago. Sunan kasuwa da hoton tsutsa a jikin kwalba ba su ne abin dubawa ba. Ka nemi sunan sinadarin, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan babban suna.

Waɗanda suka fi cin tsutsar nan su ne emamectin benzoate, da chlorantraniliprole, da spinetoram, da indoxacarb. Na farkon ya fi yawa a kasuwanninmu kuma ya fi sauƙin kuɗi. Na biyun ya fi tsada amma ya fi daɗewa a ganye. Shi ne ke cikin Coragen, kuma a Ampligo an haɗa shi da lambda-cyhalothrin. Su cypermethrin da lambda-cyhalothrin zalla su ne mafi araha, su ne kuma suka fi ba manoma kunya, domin babbar tsutsa ba ta cika jin su ba, ga shi suna share ƙwarin da ke taimakon ka. Araha ba ta ado.

Ka duba lambar NAFDAC, ka duba ranar lalacewa, ka tabbatar ba a ɓalle murfin ba. A ƙasan takardar akwai zirin launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Hattara: kada ka sayi na tsiyaye. Wata shekara na yi wannan gangancin a wata kasuwar ƙauye, aka auna mini a robar lemo, mai sayarwa yana rantsuwa cewa na waje ne. Na yi asarar kuɗin magani da na mai feshi, da kwana biyar da tsutsa ta samu tana girma, kuma har yau ban san abin da na fesa ba.

Wajen lissafin kuɗi, kada ka kwatanta farashin kwalba da kwalba. Ka tambayi famfo nawa kowacce ke yi, ka raba kuɗin. Sau da yawa ƙaramar kwalba mai tsada ta fi babba sauƙi in an lissafa a kadada, balle in ita feshi biyu za ta buƙata waccan huɗu.

7. Awo

Takardar magani takan faɗi adadin da za a sa wa kadada ɗaya, ba famfo ɗaya ba, kuma nan ake rikicewa. Ga yadda za ka fitar da naka. Auna fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi a cikin gonar. Zuba ruwa zalla a famfo, ka san yawansa, ka fesa filin da irin tafiyar da za ka yi a aikin gaske. Duba lita nawa suka tafi, ka ninka sau 100. In lita 2 ne, kadada za ta sha lita 200, wato famfo mai lita 16 kusan sau 13. Sai ka raba maganin kadada gida 13, kowane famfo kashi ɗaya. Sirinji na kemis ya fi murfin kwalba gaskiya.

Ka sa ruwa rabin famfo, ka zuba magani, ka cika, ka girgiza. Na gari a fara dama shi a ƙaramin bokiti. Ruwan ya zama mai tsabta. Ruwan kududdufi mai laka yana rage ƙarfin magani ya toshe famfo.

Hattara: famfon da aka yi feshin ciyawa da shi, a wanke shi da sabulu sau uku kafin ya shiga masara. Bakinsa ma a sauya: na ciyawa shimfiɗa ruwa yake yi kamar mafici, na ƙwari kuwa zagaye yake fitarwa. Kuma ƙara magani fiye da awo ba ya ƙara kisa, ƙona masara yake yi.

8. Feshin kansa

Bara na je gonar kawuna a wajen Zuru, na tarar da shi zaune gindin ɗorawa ya yi tagumi.

"Kawu, lafiya? Ba an yi feshi shekaranjiya ba?"

"An yi, ɗana. Famfo shida yaron nan ya zuba, ga su can sun ƙara ƙiba."

"Da wane lokaci ya fesa?"

"Da hantsi ya fara, kafin azahar ya gama ya karɓi kuɗinsa."

Muka shiga na buɗa mazurari ɗaya, na biyu, na uku. Ganyen waje duk ga tabon magani, amma ciki kashi ne cunkus ya toshe bakin, tsutsa na ƙasa lafiyarta ƙalau. Yaron kaɗa sandar feshi ya yi ta saman masara hagu da dama kamar mai korar kaji. Ban ga laifinsa sosai ba: a famfo ake biyansa, gaggawar ƙarar da famfo ita ce ribarsa. Tun daga ranar kawu ya koma biya a gona, kuma yana bin mai feshi a baya.

Feshin tsutsa masara-masara ake yin sa. Ka bi kunya ɗaya, ka saita bakin famfo a kan mazurari, ka ɗan matsa har ruwa ya gangara ciki, ka wuce ta gaba. Lokacinsa daga bayan la'asar zuwa magariba, ko da asuba kafin rana ta ɗaga, domin lokacin take fitowa ci, kuma emamectin da Bt duk ba sa son rana. In hadari ya haɗu ka dakata; magani yana son sa'o'i kaɗan ya kama ganye kafin ruwa. In iska na kaɗawa da ƙarfi ma ka bari, in kaɗan ce ka ba ta baya.

Hattara: riga mai dogon hannu, wando, takalmin roba, safar hannu, da abin rufe hanci da baki. Ba a cin goro, ba a shan taba, ba a hura bakin famfo da baki in ya toshe. Yara da masu juna biyu ba su da aiki a wurin. In jiri ko amai ko dalalar miyau ya kama mai feshi, a cire masa kaya a wanke shi da sabulu a kai shi asibiti tare da kwalbar. Madara da manja ba maganin guba ba ne.

In masara ta wuce kai ta fara fitar da gemu, ni ba na ba da shawarar feshin famfon goyo. Kanka za ka yi wa wanka da magani, tsutsar kuma ta shige cikin goyo inda ruwa ba ya kaiwa.

9. Bayan feshi

Bayan kwana 3 ka sake ƙirgar nan ta masara 50. Tsutsa mai rai da sabon kashi kake nema. Hujin da aka riga aka yi ba zai toshe ba. In ƙirga ta sauka ƙasa da ma'auni, ka ajiye famfo ka ci gaba da zagaye. In dole a maimaita, kada ka yi ta bugun ta da sinadari ɗaya har ƙarshen damina, sabawa take yi. Wanda ya yi emamectin a wannan watan, ya koma chlorantraniliprole ko spinetoram a wata mai zuwa. Sauya sunan kasuwa ba sauyi ba ne in sinadarin ciki ɗaya ne.

Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye sau uku a juye ruwan cikin famfo, a huda ta. Ba ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan alwala. Masu fadama, don Allah kada a wanke famfo a gulbi ko tafki. Lambda-cyhalothrin da emamectin duk suna kashe kifi, kuma mutanen Argungu da Yauri sun san abin da kifi yake a gare mu. Mai sayar da ɗanyar masara ta gashi, ko mai yankar ganye ya ba dabbobi, ya duba kwanakin jira da aka rubuta a takarda ya cika su.

10. Wake, gero da tumatir

Dangin malam-buɗe-littafin nan ba masara kaɗai suke bi ba. A wake akwai mai shiga fure da kwanso, tana ɗinke su da zare kamar yanar gizo. Feshinta daga fara fure ne, a maimaita bayan kwana 10. Irin SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019 yana kare kansa daga ita, amma yana buƙatar feshi kamar biyu saboda sauran ƙwari. A tumatir akwai sharon, wadda ke shiga tsakanin fatar ganye, kuma ta fi kowa saurin sabawa da magani, don haka sauya sinadari a nan wajibi ne.

Ta gero, wadda ke zagaye zangarniya tana cin fure, feshi ba ya biyan kuɗinsa a kanta. Maƙwabtanmu na Nijar, musamman wajen Maraɗi, wani ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor suke kiwo a 'yan buhunan algarara, a rataye su a bishiyoyin gonaki lokacin da gero ke fitar da kai, ya fita ya bi tsutsar. Aikin gari guda ne, ba na mutum ɗaya ba.

11. Shirin baɗi

Ka yi shuka da ruwan farko masu ƙarfi, tare da maƙwabta. Gonar da aka shuka a makare, lokacin da na kewaye suka fara goyo, ita ce ke karɓar duk 'yan fiffiken unguwa. Mai son iri mai kare kansa ya tambayi masarar TELA, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, da aka saki a 2024. Irin aure ce, wato haɗin iri biyu, duk shekara sabon iri ake saya, kuma ko da ita ba a daina zagayen gona.

Bayan girbi a yi huɗa don rana da tsuntsaye su samu waɗanda suka dunƙule a ƙasa. Tsutsar kara kuwa a cikin karan dawa da masara da gero take yin rani, har cikin dangar gida da rumfa. Karan da za a yi aiki da shi a shimfiɗa shi a ƙasa rana ta dake shi na makonni, ko a ɗan babbaka shi sama-sama ganyen ya ƙone karan ya tsira. Wanda aka jingine a tsaye a inuwa, a ƙarar da shi ga dabbobi ko murhu kafin ruwan farko ya sauka.